Injekta ko kafireta: yaya zan yi da Hilux ɗin mahaifinmu?

Manomin_Dandume:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san mota. Akwai Hilux 'yar 1992 da muka gada wajen mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, injin 22R mai kafireta. Da ita nake kwaso masara daga gona, wani lokaci in kai kaya Funtua. Tun da aka cire tallafi a 2023 nake jin shan man da take yi a jikina, amma bana abin ya wuce misali. Man da a da yake kai ni Funtua ya dawo da ni har da saura, yanzu sai na ƙara a hanya. Ga baƙin hayaƙi, filogi kuma sati biyu ya yi baƙi ƙirin. Bakanikena ya ce in rabu da kafireta, mu je Kofar Ruwa mu sayo kayan injekta na Beljiyam a ɗora mata. Kawuna kuwa ya ce ranar da na yi haka na kashe motar. Kuɗin da ke hannuna na gyara ɗaya ne, ba na biyu ba. Wanne zan kama?

Baba_Direba504:
Wa alaikumus salam. Yaro, ka ji maganar kawunka. Na fi shekara ashirin ina jan akori-kura 504 haɗin Kaduna, mai kafireta Solex, ban taɓa kwana a daji saboda kafireta ba. Wata rana famfon mai ya mutu mini tsakanin Malumfashi da Kankara da buhu cike a baya. Galan na cika da mai, na ɗaure shi a kan rufin mota da roba, na zuro tiyo ta taga har bakin kafireta. Haka na shigo gari, yaron mota na riƙe da tiyon. Je ka gwada wannan da injekta ka ba ni labari. Idan jet ya toshe, sukundireba ɗaya da iskar bakinka sun ishe ka.

Sadiq_Rewaya:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma lokacin da kuke ɗaura galan a rufi nawa ake sayar da lita? Ko daf da cire tallafi farashin gwamnati bai kai naira 200 ba. A ƙarshen 2024 sai da ta haura dubu. Kafireta ba ta san komai ba, iska ta wuce ta ja mai, shi ke nan. Injekta kuwa tana auna iskar da ta shiga, tana jin zafin inji, tana shinshina hayaƙin da ke fita ta salansa, sannan birenbos, wato kwamfutar motar, ya yanke yawan man da za a fesa. Abin da inji ke so shi ne iska kashi 14.7, mai kashi 1 a ma'aunin nauyi. Injekta tana bin wannan lissafi duk daƙiƙa. Kafireta sai dai ta yi kirdado.

Baba_Direba504:
Kirdadon ne ya aurar da 'ya'yana biyar.

Ummu_Hanan_RuwanLeda:
Ni ba bakanikiya ba ce, amma ni ke biyan kuɗin mai, don haka ina da ta cewa. Motoci biyu ke raba mana ruwan leda a cikin gari, ɗaya kafireta ɗaya injekta. Mai injektar ta fi sauƙin mai, wannan a littafina yake rubuce, kuma ko da sanyin hunturu maƙulli ɗaya take tashi. Ita ɗayar sai direba ya ja cok ya yi ta buga totur, maƙwabta na tsaki. Sai dai ranar da mai injektar ta yi fushi, kwana huɗu ta yi a gareji. Mutum uku suka taɓa ta, kowa da abin da ya ce in saya, ashe wata 'yar waya ce ɓera ya ci. Ɗayar kuwa ba ta taɓa wuni a gareji ba. To ka ga ni ma ban san wanda zan ce maka ba, Malam.

Oga_Tijjani_Panteka:
Kafin a yi nisa, Malam Manomi, bari in yi maka tambayoyin da bakanikenka ya kamata ya yi. Shekara nawa rabon da a buɗe kafiretar a sa mata sabon kit, wato sababbin robobi da allurar cikinta? Filogin da ke yin baƙi, busasshen baƙi ne kamar gawayi, ko mai danshi ne da maiƙo? Hayaƙin baƙi ne ko yana da shuɗi-shuɗi? Tana rage baƙin mai? Domin idan zoben fistin ne ya cinye, ko injektar jirgin sama ka ɗora mata ba abin da zai canza.

Motar da ta yi shekara da shekaru tana shan mai daidai, sannan bana ta canza hali, ba kafireta ce ta zama mugun abu dare ɗaya ba. Wani abu ne ya lalace a cikinta.

Ga abin da za ka duba da kanka gobe da safe. A jikin kafiretar Aisan ta 22R akwai ƙaramin gilashi zagayayye, kamar idon kifi. Ka tayar da mota ka leƙa. Mai ya kamata ya tsaya a tsakiyar gilashin. In ya cika shi har sama, filota ce, wato abin da ke yawo a kan mai yana tsayar da shigarsa, ta sha mai ta yi nauyi ko allurarta ba ta rufewa. Na biyu, akwai wani ɗan murfi a gefen kafiretar da siririn tiyon iska ke shiga, ana ce masa AAP, aikinsa ƙara fesa mai lokacin da inji yake da sanyi. Ba duka ke zuwa da shi ba, amma in taka tana da shi, zare tiyon ka duba. In ka ga danshin fetur a ciki, robar ta yage, inji yana zuƙar mai ta bayan gida ke nan dare da rana. Na ga motoci da yawa da aka yanke wa hukuncin canjin inji saboda wannan 'yar robar da ba ta kai faɗin murfin kwalba biyu ba.

Manomin_Dandume:
Oga Tijjani, Allah ya saka da alheri. Baƙin busasshe ne, yana kama yatsa kamar toka. Baƙin mai ba ta ragewa sosai. Kit kuwa, gaskiya tun Baba na da rai ban ga an sa ba. Wankewa kawai ake yi da fetur a hura.

Sadiq_Rewaya:
Na yarda da Oga a kan binciken. Amma ko an gyara ta ta koma sabuwa, ba za ta kamo injekta a tsimin mai ba. Wannan ba gardama ba ce.

Injiniya_Bello_Zariya:
Sadiq ya yi gaskiya, sai dai akwai abin da bai faɗa ba, wato girman aikin. Mutane suna ɗauka cire kafireta za a yi a ɗaura wani abu a gurbinta da noti huɗu. A'a. Ɗan'uwan 22R mai injekta shi ne 22R-E, girmansu ɗaya, lita 2.4, amma kusan duk abin da ke kewaye da injin daban ne. Za ka buƙaci manifol na sama da na ƙasa, nozul huɗu da layinsu, akwatin auna iska, birenbos, dilko irin nasa domin na 22R da iska yake gyara tayimin shi kuwa wancan birenbos ke yi masa, sensar zafi, sensar hayaƙi da hujinta a jikin bututun salansa, da damin wayoyi cikakke wanda ba a yanke ba.

Sai maganar mai, wadda a nan aka fi yin ganganci. Famfon kafireta ƙarfinsa bai wuce psi 5 ba. Injekta tana son wajen psi 40, da famfon lantarki a cikin tanki, da layin da zai mayar da ragowar mai. Wanda ya bar tsohon tiyon roba da kilif ɗin waya a kan wannan ƙarfi, gobara yake kira. Na taɓa ganin wata da aka yi wa haka ta kama wuta a bakin gidan mai, Allah ya kiyaye aka ture ta.

In har za ka yi, kada ka tsinci kayan ɗaiɗai a shaguna daban-daban. Ka nemi rabin mota da aka yanko, komai daga jiki ɗaya, ka ga an tayar da injin a gabanka. Ban da haka cinikin biri a sama ne.

DanKasuwa_KofarRuwa:
Injiniya, 22R-E cikakke yanzu sai an tona. Motocin da ake yankowa daga waje su ma sun haura shekara talatin, wayoyinsu sun bushe suna karyewa kamar taliya. Abin da masu Hilux suka fi tambaya a wajenmu shi ne 3RZ, lita 2.7, ya fi ƙarfi kuma kayansa sun fi samuwa. Amma wannan canjin inji ne gaba ɗaya, da zaman inji da maganar giya, ba kuɗin wasa ba ne. Kuma bari in faɗi abin da zai ba Sadiq haushi: masu zuwa neman kafireta don su cire injekta sun fi masu neman injekta don su cire kafireta yawa a shagona.

Sadiq_Rewaya:
Ba haushi, Alhaji, takaici dai. Wannan ai rashin sani ne. Mota ta zo da injekta lafiya lau, sensa ɗaya ta mutu, bakanike bai iya ganowa ba, sai ya ce wa mai ita "injekta ba ta son ƙasarmu", ya fasa komai ya ɗora kafireta. Gyaran gangar Auzinawa. Alhali 22R-E ko kwamfuta ba ta buƙata. Akwai ɗan akwatin gwaji a cikin bonet, ka haɗa ramukan da aka rubuta wa TE1 da E1 da guntun waya, ka murɗa maƙulli ba tare da ka tayar ba, fitilar inji za ta riƙa ƙiftawa, ka ƙirga, lambar matsalar ke nan. In kana zargin famfo, ka haɗa Fp da +B ka saurara a bakin tanki. Wannan ya fi hura jet da baki wuya ne?

Oga_Tijjani_Panteka:
Bai fi ba, ƙanena. Amma daga Dandume zuwa gonarsa mutum nawa ne suka san TE1? Kai kana Kano. Shi kuwa in ta tsaya masa, mai gyaran babur ne zai fara isowa, shi kuma kafireta ya sani.

Maman_Sani_Maradi:
Sannunku 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan har yanzu 504 bashe, wato akori-kura, tana aiki, tana ɗaukar mutane da awaki ranar kasuwa. Abin da ya riƙe ta shi ne irin isansin, wato fetur, da muke sha. Ko da yake matatar Zinder tana aiki tun 2011, a ƙauye man kwalba ne a bakin hanya, ana tace shi da tsumma. Ga rairayi, ga wanda ya kwana a jarka da ruwa a gindinta. Karbiratar za ta yi tari ta wuce, in ta ƙi ka kwance ka zubar. Injekta kuwa famfo ne zai fara kuka, sai nozul su bi. Ni shawarata, ko wanne ka zaɓa, sa filta biyu, kuma kada ka bar tanki yana kaiwa ƙasa.

Abba_Kwalisa:
Tsaya, wai sunan abin nan kafireta ne, kafireto, kabureta ko karbiratar? Kowa da nasa a zauren nan 😂

Baba_Direba504:
Mu kafireto muka taras ana cewa. In ka je gareji ka faɗi kowanne za a gane, in dai da kuɗi a aljihunka.

Hamza_Gwarinpa:
Maganar Maman Sani ta tuna mini Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima, wanda aka ce daga Antwerp ta Beljiyam aka yi lodinsa. Mu a Abuja mun ga layi, mun ga motoci a gefen titi. Amma gaskiya ba injekta kaɗai abin ya taɓa ba. Maƙwabcina mai tsohuwar bas mai kafireta sai da robobin cikinta suka kumbura. Mugun mai ba ya tambayar wacce ce.

Abba_Kwalisa:
Ashe har man ma ɗan Beljiyam ne, to ai kaya sun tsinke a gindin kaba.

Injiniya_Bello_Zariya:
Akwai wani abu da nake so a sa a lissafi, domin shi ke cinye ribar injekta a ƙasar nan: cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwan lagireto har sai inji ya yi zafi. Kusan duk motar da ta shigo, abin da ake fara yi mata ke nan, wai don ƙasarmu da zafi. A kafireta ɓarnar ba ta fito fili sosai. A injekta kuwa, inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, sensa ta gaya wa birenbos har yanzu da sanyi, shi kuma ya ci gaba da ƙara mai kamar an ja cok an manta. Sai mai mota ya ce an yaudare shi, injekta ma shan mai take.

Garba_Lagireto:
Injiniya a nan kam ban bi ka ba. Ka taɓa hawa da buhu ashirin a watan Afrilu da tamostat a ciki? Ya maƙale sau ɗaya gasket ya tafi. Mu da muke wanke lagireto mun san abin da muke gani.

Injiniya_Bello_Zariya:
Malam Garba, wanda ya maƙale ai canza shi ake yi. Motar da ke tafasa da tamostat mai kyau, lagiretonta ne ya toshe ko fanka ba ta ja. Hilux ɗin da ake sayarwa a Saudiyya da tamostat take fita daga kamfani, kuma ba mu fi su rana ba.

Garba_Lagireto:
Su ai ba ruwan rijiya suke zubawa ba.

Nura_Jos:
Ku dawo kan maganar bawan Allahn nan. Ni abin da zan ƙara shi ne tudu. Jos tana sama da mita 1,200, kuma iska tana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita dubu. Motar kafireta da aka saita a Lafiya, in ta hawo nan sai ta riƙa hayaƙi tana nauyi, don man yana nan yadda yake, iskar ce ta ragu. Masu hawa Mambila sun fi mu sanin wannan. Injekta da kanta take gyarawa. Amma shi Malam tsakanin Dandume da Funtua yake, babu dutsen da zai hau, don haka wannan fa'idar ba tasa ba ce.

Yakubu_Kumasi:
Gaisuwa daga Zongo. A Suame Magazine na ga ana ɗora wa 22R kafireta Weber 32/36 da faranti a ƙasa. Tana da sauƙin saiti, an rabu da tarin tiyoyin iska. Amma a yi hattara, jabu sun cika kasuwa, kuma filtar iskar da take zuwa da ita ƙarama ce a buɗe. Da ƙurar hunturu irin taku ta arewa, wata shida inji zai fara shan baƙin mai. In Aisan ta asali tana hannunka, kada ka bari a karɓe maka ita a musanya da sabuwa mai ƙyalli.

Dr_Aminu_Ohio:
A nan Amurka an daina sayar da sabuwar mota mai kafireta tun shekarun 1990, ta ƙarshe wata akori-kurar Isuzu ce a 1994. Amma a lura, dokar hayaƙi ce ta kore ta, ba wai ta daina aiki ba. Abin dariya, masu tsofaffin Toyota a nan ma wannan gardamar suke yi. Masu hawa duwatsu suna son injekta saboda in mota ta karkace man kafireta yana malala ta mutu. Masu zama nesa da gari suna riƙe da kafiretarsu. Bambancinmu da su, shi in sensa ta mutu zai yi oda ta asali ta iso ƙofar gida, kai kuwa sai ka sayi uku kafin ka dace da mai rai.

Sadiq_Rewaya:
Likita, wannan ta ƙarshen ta same ni, ba zan musa ba. Akwatin auna iska na 22R-E in ya lalace, sai dai ka nemo wani tsohon.

Shamsu_CNG:
Ba wanda ya kawo maganar gas. In tsimin kuɗi ake nema, bambancin fetur da CNG ya fi bambancin kafireta da injekta nesa ba kusa ba, kuma injin kafireta yana karɓar gas cikin sauƙi, miksa ake sa masa a bakin iska.

Ummu_Hanan_RuwanLeda:
Shamsu, a ina zai sha gas ɗin? Ya tafi Kaduna ko Kano ya cika tukunya ya dawo gona? Ga tukunyar da nauyi, ta cinye wajen buhu biyu. Mu da ke cikin birni ma layi muke bi.

Malam_Isa_Giwa:
Duk kun yi maganar kuɗi, ba wanda ya yi maganar rai. Mu da muke wannan yankin mun san abin da ake nufi da mota ta mutu maka a hanyar gona bayan la'asar. Ba lokacin jiran rewaya daga Funtua ba ne. Ni a wajena motar da zan iya lallaɓawa ta kai ni gida ta fi wadda za ta rage mini lita uku. Amma kuma in faɗi gaskiya, ƙanina yana da mai injekta, shekara huɗu ba ta taɓa tsaya masa ba, tawa mai kafireta kuwa duk wata sai ta yi mini wani abu, ƙarami dai, amma sai ta yi. To wanne ne aminci a ciki? Wadda ba ta cika tsayawa ba, ko wadda in ta tsaya kana iya tayar da ita? Ni kaina ban gama yanke wa kaina ba.

Manomin_Dandume:
Salam. Na dawo da rahoto. Da safe na yi yadda Oga Tijjani ya ce. Gilashin sai da na goge shi da tsumma kafin in ga ciki, man yana sama da tsakiya, kusan ya rufe shi. Na nemo ɗan murfin nan, tawa tana da shi. Ina zare tiyon sai ga fetur ya ɗigo mini a yatsa. Na kira bakanikena na nuna masa, ya yi shiru, can ya ce ai duk da haka injekta ta fi. Na toshe tiyon da ƙusa na ɗan zaga gari, hayaƙin ya ragu sosai amma bai ɗauke duka ba.

Oga_Tijjani_Panteka:
Ragowar filota ce. Nemi kit na Japan, ba mai kwalin ja da rubutun zinare ba, a canza allura da robar, a saita filota da ma'auni ba da ido ba. Sa sababbin filogi, a duba tayimin, a canza filtar iska. Sannan ka cika tanki, ka rubuta lambar mita, ka yi sati biyu kana aikinka, ka sake cikawa ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta sha. Sai mu yi magana da lamba a hannu. Ƙusar nan kuma kada ta zama ta dindindin, na san halinmu.

Sadiq_Rewaya:
Ka yi hakan, ba laifi. Amma ka ajiye lambar. In kaka ta yi kyau ka samu rabin mota mai 22R-E da wayoyinta lafiya, kawo ta Kano in haɗa maka, mu sake aunawa a hanya ɗaya da lodi ɗaya. In ba ta rage ba, kuɗin aikina na yafe.

Baba_Direba504:
Ka ji shi ko. In za ka kai masa, ka cire kafireton ka naɗe a buhu ka ajiye a ɗaka, kada ka sayar.

Manomin_Dandume:
Baba ai ko na so sayarwa kawu ba zai bari ba. Alhaji na Kofar Ruwa, kit ɗin na Japan yana samuwa wajenku? In akwai, direban da ke kai mana kaya Dawanau zai biyo ranar Alhamis. Kuma don Allah ka tambaya mini kuɗin rabin motar, in ji dai.